Daga Akwatin Shugaban Ƙasa Zuwa Teburin Odita: Yadda Kasafin Kuɗi Ke Ratsa Majalisar Tarayya

Ranar da shugaban ƙasar Najeriya zai gabatar da kasafin kuɗi, a zauren Majalisar Wakilai ake haɗuwa, don shi ne zai ɗauke sanatoci 109 da wakilai 360 a zama guda. Ya karanta jawabi, 'yan jam'iyyarsa su yi tafi, 'yan adawa su yi gunaguni, sannan ya ɗauki akwati mai launin tutar ƙasa ya ajiye bisa tebur, ya rusuna, ya fita. Iyakar abin da ake nunawa a talabijin ke nan. Mu da ke aiki a bayan kwamitoci ba ma ɗaukar wannan rana a matsayin farkon aiki. Kafin akwatin ya iso an riga an gama rabin magana, sauran rabin kuwa ba ya somawa sai ranar da Ofishin Kasafi ya aiko da cikakken bayani, ma'aikata bayan ma'aikata, layi bayan layi, wanda sau da yawa sai an yi kwanaki ana jiransa.

Ikon majalisa a kan dukiyar ƙasa yana tsaye ne kan sashe na 80 na Kundin Tsarin Mulkin 1999: ba a fitar da ko kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai da dokar kasafi, ko kuma abin da shi kansa kundin ya ce a biya. Sashe na 81 ya ɗora wa shugaban ƙasa kawo ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa, amma ya ce yana iya kawowa a kowane lokaci cikin shekarar da ake ciki. Wannan "kowane lokaci" shi ne uwar matsaloli da dama. Kasafin 2020 an kawo shi ranar 8 ga Oktoba 2019, na 2024 ranar 29 ga Nuwamba 2023, na 2025 kuwa sai 18 ga Disamba 2024, kuma duk babu wanda ya karya kundi.

Matakin farko na gaskiya shi ne takardar tsarin kashe kuɗi na shekara uku, wadda kowa a majalisa ke kira MTEF. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce a kawo ta aƙalla wata huɗu kafin sabuwar shekara, wato kafin Satumba ta kama. Ba kasafai ake cika wannan wa'adi ba. Takardar ba ta da yawa idan aka gwada ta da kasafin kansa, amma a cikinta ake tsayar da alƙaluman da komai ya rataya a kansu: farashin gangar ɗanyen mai, yawan gangar da ake sa ran haƙowa kullum, canjin dala, da girman giɓin da za a cike da bashi. Kwamitocin kuɗi na majalisun biyu ne ke zama a kanta, su kira Kwastan da hukumar tara haraji da kamfanin mai na ƙasa NNPC da Babban Banki da Ofishin Kula da Basussuka, kowa ya faɗi abin da zai iya kawowa.

A nan ne ake buɗe wa kasafi baki. Idan majalisa tana son ƙara ayyuka ba tare da ta rage wa kowa nasa ba, hanya mafi sauƙi ita ce ta ɗaga ɗaya daga cikin alƙaluman nan a takarda. A kasafin 2018 gwamnati ta sa ganga a dala 45, majalisa ta mai da ita 51, kasafin ya tashi daga naira tiriliyan 8.6 zuwa 9.12. A na 2024 canjin dala aka taɓa, daga naira 750 zuwa 800, aka kuma ɗaga abin da ake sa ran hukumomin gwamnati masu samun kuɗi za su kawo, sai tiriliyan 27.5 ta koma 28.78. Kuɗin da aka samo ta wannan hanya na alƙalami ne. In hasashen ya tabbata, falillahil hamdu. In bai tabbata ba, albashi ba ya jira, mai bin bashi ba ya jira, saboda haka manyan ayyuka ne ke shan duka. Kasafin 2025 an gina shi kan ganga miliyan 2.06 a kullum a dala 75, kuma duk wanda ke bin alƙaluman haƙo mai ya san ba a kusa da wannan adadi ake ba lokacin da aka rubuta shi.

Bayan an gabatar da ƙudirin, kowace majalisa ta yi masa karatu na biyu. Kwana biyu ko uku ake yi ana muhawara kan manufofinsa gaba ɗaya, kowa ya tashi ya ambaci hanyar garinsu. Daga nan a miƙa shi ga Kwamitin Kasafi, a dakatar da zaman zaure na mako biyu zuwa uku, duk sauran kwamitoci su koma ƙananan kwamitoci a ƙarƙashinsa. Kwamitin lafiya ya ɗauki ma'aikatar lafiya da asibitocin koyarwa, na ayyuka ya ɗauki hanyoyi, haka dai har a rabe hukumomi ɗaruruwa. Wannan shi ne lokacin kare kasafi, kuma shi ne wurin da ya fi dacewa a tsaya a duba da kyau.

Sakatariyar kwamiti ce ke fara motsi. Akawun kwamiti ya rubuta wa kowace hukuma wasiƙar gayyata, ya lissafa abin da za ta kawo kafin ranar zama: yadda ta aiwatar da kasafin bara, jerin ma'aikatanta da matakan albashinsu, kuɗin da ta tara da kanta da abin da ta zuba a baitulmali, jerin kwangilolin da ta bayar da matakin da kowanne ya kai, sai kuma ƙiyasin shekara mai zuwa. Ana neman kwafi da yawa, ɗaya ga kowane ɗan kwamiti. A ka'ida takardun su iso da kwanaki a gaba don a samu a karanta. A aikace, sau tari da safiyar ranar ake shigo da su cikin kwali, manne da zafin injin ɗab'i, ana raba su minista na zaune. Ɗan majalisar da aka miƙa wa littafi mai shafi 200 minti goma kafin a fara, me zai tambaya in ba abin da ya zo da shi daga gida ba?

Ɗakin zaman yana da tsari guda. 'Yan kwamiti a sama, minista ko shugaban hukuma a teburin da ke fuskantarsu, babban sakatare a damansa, daraktan kuɗi a bayansa riƙe da fayil yana miƙo 'yar takarda duk lokacin da aka yi tambayar alƙalami. Wanda ya san aikin ba ya ɓata lokaci kan jawabin minista. Shafi ɗaya yake nema, mai ginshiƙi uku: abin da aka ware, abin da aka saki, abin da aka kashe. Tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu laifin Ma'aikatar Kuɗi ne. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku laifin hukumar ne, ko dai ta makara wajen tallata kwangila, ko tana riƙe da kuɗin don wata manufa. Hukumomi da yawa suna son haɗe ginshiƙan nan, su ce sun aiwatar da kashi 90 cikin 100, alhali kashi 90 na ɗan abin da aka sakar musu suke nufi, ba na abin da doka ta ware ba. Tambaya ɗaya ce ke warware wannan: kashi 90 na me?

Layukan kasafin suna da lambobi. Duk abin da ya fara da 21 albashi ne da alawus, 22 kuɗin gudanarwa ne irin su tafiye-tafiye da man janareta da takardu, 23 kuwa manyan ayyuka. Kowane aiki yana da lambarsa, kuma an rubuta ko sabo ne ko wanda ake ci gaba da shi. Mai duba kasafi da idon basira yana ajiye na bara da na bana gefe da gefe. Ta haka ake kama hukumar da ke sayen kwamfutoci da kujerun ofis iri ɗaya shekara huɗu a jere, da aikin da aka rubuta sau biyu da ɗan sauyin suna, da layin da aka yi wa suna mai faɗi kamar "ƙarfafa matasa a shiyyar kaza" ba gari ba adadi. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ɓarna ko da yake ba sata ba ce: yayyafi. A ce hanya kuɗinta biliyan 30, a riƙa sa mata miliyan 500 duk shekara don kada a ce an manta da ita. A wannan tafiya shekara 60 za ta yi, kuma kafin a kai kilomita na goma damina ta cinye na farko, ɗan kwangila ya dawo neman a sake duba farashi.

Duk minista da ya zo, kuka ɗaya yake yi: ambulan ɗin da aka ba shi ya yi kaɗan. Ambulan shi ne rufin da Ofishin Kasafi ke yanka wa kowace ma'aikata tun kafin ta fara rubuta buƙatunta. Shi ya sa zaman kare kasafi yakan juye, maimakon majalisa ta tsare hukuma kan yawan abin da take nema, sai hukuma ta riƙa roƙon majalisa ta ƙara mata, 'yan kwamiti kuma su tausaya, kowa da dalilinsa. Ƙaramin kwamiti ba shi da hurumin fasa rufin. Yana iya matsar da kuɗi daga wannan layi zuwa wancan a cikin ambulan, ƙari kuwa sai dai ya rubuta shawara ga Kwamitin Kasafi.

Ya kamata mai karatu ya san cewa abin da ake jayayya a kansa bai kai girman adadin da ake ji a labarai ba. A kasafin 2025 na tiriliyan 54.99, kimanin tiriliyan 14.3 na biyan bashi ne, babu mai taɓa shi. Kimanin tiriliyan 3.6 kason da doka ta wajabta ne, na ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe da hukumar ilimin bai-ɗaya da hukumomin raya shiyyoyi da ita kanta majalisar. Albashi da fansho ma kusan a kulle suke. Filin dagar shi ne manyan ayyuka, kusan tiriliyan 24 a waccan shekara. Kason majalisa, tunda an ambace shi, shekara da shekaru layi ɗaya tak ne a cikin kasafi, sai a 2017 aka fara fitar da ɗan bayaninsa. A 2024 gwamnati ta sa mata kusan biliyan 198, ya fito daga hannunta yana biliyan 344 da ɗoriya. Babu wani kwamiti da ke kiran majalisa ta zo ta kare nata a bainar jama'a.

Makamin da kwamiti ke yawan ɗagawa shi ne barazanar ba hukuma sifiri idan shugabanta ya ƙi bayyana. Ba kasafai ake cikawa ba. An taɓa cikawa a kasafin 2013, lokacin da Majalisar Wakilai ke takun-saƙa da Arunma Oteh ta hukumar kula da kasuwar hannun jari, aka hana hukumar kaso. Darasin da aka koya shi ne hukumar da ke tara kuɗinta da kanta ba ta jin wannan bulala yadda asibiti ko jami'a za su ji.

Idan ƙananan kwamitoci sun gama, kowane shugaba ya kai rahotonsa gaban Kwamitin Kasafi ya kare shi. Daga nan ƙofa ke rufuwa. Tattara rahotanni, daidaita su da sabon adadin kuɗin shiga, raba ƙarin da aka samu, shigar da ayyukan mazaɓu, duk mutane ƙalilan ne ke yi: shugabannin kwamitocin kasafi biyu, shugabannin majalisa, 'yan sakatariya da masu shigar da alƙaluma a kwamfuta, galibi cikin dare, wa'adi na bin su. A da kowace majalisa kan fitar da nata adadin, sai a kafa kwamitin sasantawa. Daga baya an koma yin aikin tare, shi ya sa za ka ga majalisun biyu sun zartar da adadi ɗaya a rana ɗaya.

Ranar zartarwa zaure yakan rikiɗe ya zama kwamitin rabon kuɗi, shugaba ya riƙa karanto sassan ƙudirin da jadawalinsa ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa da murya, guduma na sauka. Tiriliyoyi kan wuce cikin abin da bai kai awa guda ba. Abin da ke hannun ɗan majalisa a wannan lokaci jimloli ne: ma'aikatar kaza, albashi kaza, manyan ayyuka kaza. Cikakken bayanin, mai dubban shafuka, yawancinsu ba su gan shi ba, wani lokaci ma ba a gama haɗa shi ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Duk wata rigimar cushe da aka taɓa yi, idan ka bi sawunta, a wannan tazara tsakanin jimlar da aka kaɗa wa ƙuri'a da bayanin da aka ɗab'a daga baya za ka same ta.

Kasafin 2016 ya nuna wannan ƙarara. Tun a Janairu aka yi ta cece-kuce cewa takardar ta ɓata a Majalisar Dattawa, ministan lafiya Isaac Adewole ya zo gaban kwamiti ya ce abin da ke gabansu ba shi ma'aikatarsa ta rubuta ba, aka sauke shugaban Ofishin Kasafi. Wato cushen farko daga ɓangaren zartarwa ya fito. Majalisa ta zartar a Maris, ta aika wa Buhari jimloli ba bayani, ya ce ba zai sa hannu ba sai ya gani. Sai 6 ga Mayu aka rattaba hannu. Bayan wata biyu Abdulmumin Jibrin, wanda ya shugabanci Kwamitin Kasafi na Majalisar Wakilai, ya fito ya zargi kakakin majalisar Yakubu Dogara da wasu shugabanni da aringizo, suka musanta, aka dakatar da shi zama 180. Shekara takwas bayan haka Sanata Abdul Ningi ya faɗa wa Sashen Hausa na BBC cewa akwai tiriliyan 3.7 a kasafin 2024 da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Fadar shugaban ƙasa da shugabannin majalisa suka ce kason hukumomin da ba a buga bayaninsu a cikin babban kundi ba ne. Shi ma dakatarwar wata uku ya samu a Maris 2024. A duka biyun, wanda ya yi magana aka hukunta, tsarin da ya haifi maganar yana nan yadda yake.

Ko majalisa na da ikon sauya kasafi? Tana da shi. Abin da shugaban ƙasa ke kawowa ƙiyasi ne, ƙudiri ne kamar kowane ƙudiri, kuma Babbar Kotun Tarayya ta faɗi haka a 2016 a ƙarar da lauya Femi Falana ya shigar. Majalisar da ba ta iya taɓa alƙalami ba, 'yar amshin shata ce. Matsalar tana ga yadda ake yi. Da Buhari zai sa hannu kan kasafin 2018 ya ce an zaftare biliyan 347 daga ayyuka 4,700, an shigo da sababbi 6,403 na biliyan 578. A na 2022 ya ƙirga sababbi 6,576. Aikin da aka shigar a daren ƙarshe ba shi da zane, ba a auna filinsa ba, ba a yi masa lissafin farashi ba, ba a san wa zai kula da shi bayan an gama ba. Kuma sau da yawa ba a ma'aikatar da ta dace ake ajiye shi ba. Za ka tarar da kwalejin aikin gona an ɗora mata sanya fitilun titi masu aiki da hasken rana a wata jiha mai nisan kilomita ɗaruruwa, ko cibiyar bincike an ba ta rabon babura. Ana zaɓen irin waɗannan ƙananan hukumomi ne don shugabanninsu sun fi sauƙin lanƙwasawa wajen zaɓen ɗan kwangila.

Ayyukan mazaɓu na asali, waɗanda aka saba ware wa biliyan 100 duk shekara ana rabawa shiyya-shiyya, sun fi sauƙin bibiya don suna da jerinsu daban. Ɗan majalisa ba a ba shi kuɗin a hannu, sunan aiki da wuri yake bayarwa, hukuma ta aiwatar. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bin sawunsu, kuma abin da ta fi tararwa shi ne kayan da aka saya an jibge a gidan wani, da "horaswa" wadda ba ta bar wata alama da za a je a gani ba. Rijiyar burtsatse ana iya zuwa a taɓa ta. Taron bita na kwana biyu kuwa, sai dai a nuna maka hoto.

Bayan zartarwa, Akawun Majalisar Tarayya ya tsabtace kwafi ya aika fadar shugaban ƙasa. Sashe na 59 ya ba shugaban kwana 30. In ya ƙi sa hannu, majalisun biyu su zauna tare, kashi biyu cikin uku su sake zartarwa, ya zama doka ba da shi ba. A kan kasafi ba a kai wa nan, ana sasantawa ne a bayan fage, ko shugaban ya sa hannu yana ƙorafi sannan ya aiko da ƙudirin gyara. Idan shekara ta kama ba kasafi, sashe na 82 ya yarje masa ya ci gaba da kashewa har wata shida bisa ma'aunin bara. Wannan sassauci ne ya sa aka saba da jinkiri: na 2017 sai 12 ga Yuni muƙaddashin shugaban ƙasa Osinbajo ya sa masa hannu, na 2018 sai 20 ga Yuni, na 2019 sai 27 ga Mayu. Kasafin da ya fara aiki a Yuni, kafin a tallata kwangila a tantance a bayar, damina ta yi nisa, ba a zuba kwalta sai Nuwamba. Daga kasafin 2020 aka dawo da tsarin Janairu zuwa Disamba, aka riƙe shi shekara biyar, amma da tsadarsa: na 2024 kwana 31 kacal ya yi a majalisa. Tiriliyan 28 a wata guda, karatu ne ko leƙe?

Daga ranar da aka sa hannu, igiyar ta bar hannun majalisa. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne dokar kasafi izini ce, ba umarni ba. Ta ce kada a kashe fiye da kaza a kan kaza, ba ta tilasta a saki kuɗin ba. Ma'aikatar Kuɗi da Ofishin Babban Akanta su ke duba abin da ya shigo asusu, su yanke wa za a sakar wa, nawa, yaushe. Albashi da bashi su ne a gaba. Manyan ayyuka sai hukuma ta gama ka'idojin bayar da kwangila na dokar 2007, ta shigar da buƙatarta a manhajar kuɗin gwamnati ta GIFMIS, ta jira layi. Saboda haka aiki yana iya kasancewa a cikin doka, da lambarsa da adadinsa, ɗan majalisa ya je gida ya yi shela a rediyo, shekara ta ƙare ba a saki ko sisi ba. Wanda ke riƙe da famfon sakin kuɗi yana sake rubuta kasafin a zahiri, ba tare da ya koma zaure ba.

Doka ta tanadi hanyoyin komawa. In ana son matsar da kuɗi daga wani layi zuwa wani, sai an nemi yardar majalisa. In sabuwar buƙata ta taso, a kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi, kamar na tiriliyan 2.17 na Nuwamba 2023, wanda a cikinsa Majalisar Wakilai ta cire biliyan 5 na jirgin ruwan shugaban ƙasa ta mayar ga bashin karatun ɗalibai bayan jama'a sun yi ca. Sai kuma tsawaita wa'adi, wanda ya zama ruwan dare. A 2024 an wayi gari ana tafiyar da manyan ayyukan kasafin 2023, da na ƙwarya-ƙwaryarsa, da na 2024 duk a lokaci guda, na 2024 ɗin ma aka ja shi har cikin 2025. Idan kasafi uku na tafiya tare, tambayar "nawa aka sakar muku bana?" ba ta da amsa guda, kuma daraktan kuɗi mai wayo ya san haka.

Akwai kuɗin da ma ba sa bi ta ƙofar. A 2018 an cire dala miliyan 496 daga asusun rarar mai aka biya Amurka kuɗin jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12, wasiƙar neman amincewa ta iso majalisa bayan kuɗin sun tafi. An yi shekaru da dama NNPC na zare kuɗin tallafin fetur daga cinikin mai tun kafin ya shiga asusun tarayya. Mafi girma shi ne rancen da Babban Banki ke ba gwamnati. Dokar bankin ta 2007 ta ƙayyade shi ga kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar bara, a kuma biya cikin shekara. Ya taru har ya kai tiriliyan 22.7, sannan aka kawo wa majalisa a Disamba 2022 ta amince a mai da shi bashin shekara 40. An yi hayaniya a Majalisar Dattawa, an ɗage, a Mayu 2023 aka amince. Adadin ya fi dukan kasafin 2023 na tiriliyan 21.83 da aka yi wata uku ana tankaɗe da rairaya a kansa.

Sa ido a tsakiyar shekara yana da hurumi mai ƙarfi a takarda. Sashe na 88 da 89 sun ba kwamiti ikon bincike, kiran kowa, neman kowace takarda, har da bayar da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Ofishin Kasafi kuma ya kamata ya fitar da rahoton aiwatarwa kwana 30 bayan kowane wata uku, ko da yake yakan makara. Inda abin ke lalacewa shi ne ziyarar gani da ido. Idan hukumar da za a duba ita ce ta kawo mota, ta kama masauki, ta tsara wuraren da za a je, to abin da take so a gani shi za a gani. Ziyarar da ke da amfani ita ce wadda sakatariya ta zaɓi ayyuka da kanta daga jerin kwangiloli, ta tafi da takardar adadin kayan aiki da shaidar biyan kuɗi, a tsaya a gaban gini a gwada abin da aka biya da abin da ke tsaye. Ko an yi hakan, abin da zai fito ƙuduri ne na zaure, shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ba ta da ƙarfin doka.

Zangon ƙarshe na Kwamitin Asusun Gwamnati ne, wanda bisa al'adar majalisa ɗan adawa ke shugabanta. Babban Akanta ya rufe littafin shekara ya miƙa wa Odita Janar, shi kuma sashe na 85 ya ba shi kwana 90 daga ranar da ya karɓa ya kai rahotonsa majalisa. A lura, agogon ba ya fara bugawa sai Babban Akanta ya miƙa, kuma kundi bai sa masa rana ba. Ofishin oditan kansa yana aiki ne da dokar 1956, ta zamanin Turawa, ƙudirin sabunta ta ya sha wucewa majalisa bai zama doka ba. Rahoton yana zuwa da tuhume-tuhume masu lamba: kuɗin da aka ba ma'aikaci don wani aiki bai kawo rasit ba, kwangilar da aka biya ba a yi ba, harajin da aka cire ba a zuba ba, motar da ta bi tsohon shugaba gida. Kwamiti ya kira babban sakatare, don shi ne mai amsa tambayar kuɗi ba minista ba, a bi tuhumar ɗaya bayan ɗaya, wadda aka kawo takardarta a soke ta, wadda ba a kawo ba a ce a mayar da kuɗin.

Rahoton shekarar 2021 sai a 2024 ya fito. Wanda ke zaune a kujerar amsa tambaya a irin wannan zama galibi bai fi shekara guda a ofis ba. Wanda ya sa hannu a takardar biyan kuɗin ya yi ritaya, daraktan kuɗin an mai da shi wata ma'aikata, ɗan kwangilar ya canza sunan kamfani. Sabon babban sakatare ya gyara zaman tabarau, ya duba fayil, ya ce ranka ya daɗe lokacin ban zo ba, a ba mu mako biyu mu nemo takardun. Akawu ya rubuta mako biyu. A ɗakin da ke kusa, wani kwamitin ya riga ya fara sauraron wannan hukumar a kan ambulan ɗinta na baɗi.